Kalmomin Lokaci da Ke Tafiya da "Have" da "Has" a Turanci

A nahawun Turanci akwai wata sigar aikatau da malamai ke kira "present perfect". Ana gina ta da "have" ko "has", sannan a biyo da siga ta uku ta aikatau, wato wadda ke zuwa ƙarshe idan ɗalibai suna bitar "go, went, gone" ko "eat, ate, eaten". Haɗa ta ba shi da wuya. Ɗan aji ɗaya na sakandare ma yana iya cewa "I have eaten" ko "she has gone". Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka zo saka kalmar lokaci a cikin jimlar, domin wannan siga tana da zaɓe: akwai kalmomin da take karɓa, akwai waɗanda ba ta zama inuwa ɗaya da su. Don sauƙin bayani, za a riƙa kiran ta sigar "have", a kira takwararta, wato irin su "went" da "ate" da "saw", shuɗaɗɗe zalla.

Tushen rikicin ga mai jin Hausa shi ne, Hausa ba ta raba waɗannan biyun a jikin aikatau. Bahaushe zai ce "na gan shi jiya", ya kuma ce "na gan shi yau", ko "na gan shi sau uku", duk da "na gan shi" guda ɗaya. Bature kuwa sai ya duba lokacin da ake magana a kai tukuna. Idan lokacin ya rufe, ya wuce bai taɓo yanzu ba, sai ya ɗauko shuɗaɗɗe zalla: "I saw him yesterday." Idan kuma lokacin yana nan a buɗe, bakinsa ya kawo har zuwa sa'ar da ake maganar, sai ya ɗauko sigar "have": "I have seen him three times today." Jiya ta rufe, yau ba ta rufe ba. Kusan duk dokokin da za su biyo baya daga wannan bambanci suka fito.

Saboda haka "yesterday" da "last week" da "last year" da "two days ago" da ambaton takamaimiyar shekara irin "in 1960" ba sa haɗuwa da sigar "have". Jimlar "Nigeria has gained independence in 1960" kuskure ce, ko da yake kowa ya gane abin da ake nufi. Daidai shi ne "Nigeria gained independence in 1960." Amma ana iya cewa "Nigeria has been independent since 1960", domin a nan ba ranar 1 ga Oktoba kaɗai ake nunawa ba, ana nufin dukan zangon da ya taso daga ranar har zuwa yau. Tambaya da "when" ma haka take, tunda amsarta takamaiman lokaci ce: "When did you arrive?" ake cewa, ba a cewa "When have you arrived?"

Wannan doka ta Turanci ce, ba ta dukan harsunan Turai ba. A Faransanci da Jamusanci akwai siga mai kama da wannan, kuma tana tafiya da "jiya" lafiya lau. Bafaranshe zai ce "hier, j'ai vu mon frère" ba tare da wani laifi ba. Shi ya sa ɗaliban Nijar da suka fara da Faransanci kafin Turanci suke yawan faɗawa ramin "I have seen my brother yesterday": harsuna biyu ne ke tura su, Hausa da Faransanci. Abin ya ɗaure wa masana kai har wani masanin harshe Bajamushe, Wolfgang Klein, ya rubuta maƙala a kansa a 1992 yana kiran sa wasa ƙwaƙwalwa. Mai koyo dai ba ya bukatar warware dalilin. Ya riƙe dokar ya isa.

Kalmomi biyu da suka fi kowace aiki a wannan fage su ne "since" da "for". "Since" tana nuna mafari, daidai da "tun" a Hausa: "since Monday", "since 1991", "since seven o'clock". "For" kuwa tsawon lokaci take aunawa: "for three days", "for ten years", "for a long time". Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a tambayi kai ko abin da ke biye ana iya nuna shi da yatsa a jikin kalanda ko agogo. Litinin ana nuna ta, ƙarfe bakwai ana nuna shi, to "since" ke nan. Kwana uku ba a nuna su, sai dai a ƙirga, to "for" ke nan. Abuja ta zama babban birnin Najeriya a watan Disamban 1991, don haka duka jimlolin nan biyu daidai ne: "Abuja has been the capital since 1991" da "Abuja has been the capital for more than thirty years." Abin da ba ya yiwuwa shi ne "since thirty years", wanda fassarar "tun shekara talatin" ce kai tsaye.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin wani kuskure da ya yi yawa a bakin Hausawa masu Turanci a gindin "since" yake. A ɗauki mutumin da ya je asibiti da sassafe, ya karɓi kati, ya zauna a kan benci har azahar ba a kira shi ba. Da haƙurinsa ya ƙare sai ya miƙe ya je wurin ma'aikaciyar jinya ya ce, "Sister, I am here since seven o'clock." A zuciyarsa Hausa ya yi: "ina nan tun ƙarfe bakwai." Hausa tana amfani da lokaci mai ci a irin wannan magana, "ina nan", "ina jira", "ina aiki", sai ta ɗora "tun" a kai. Faransanci ma haka yake yi da "depuis". Turanci ba ya yarda. Muddin abu ya faro a baya ya kawo yanzu, sai an sa "have": "I have been here since seven o'clock", ko "I have been waiting since seven o'clock." Irin wannan kuskure ne ke fitowa a takardun neman aiki, inda mutum zai rubuta "I am working as a driver since 2019", alhali "I have worked" ko "I have been working" ya kamata ya rubuta. Mai duba takardar zai fahimta, amma ya riga ya auna Turancin mai ita tun daga layin farko.

Akwai wani reshe na wannan matsala da ba kasafai littattafai ke taɓowa ba. Hausa tana haɗa "tun" da aikin da aka yi sau ɗaya aka gama: "ya zo tun safe", "ya rasu tun 2010", "sun yi aure tun bara." Idan aka kwashe su haka zuwa Turanci sai a samu "he has come since morning" da "he has died since 2010", waɗanda ba sa ba da ma'anar da ake so. Zuwa da rasuwa da ɗaurin aure abubuwa ne na lokaci guda, ba sa miƙewa. Abin da ke miƙewa shi ne halin da suka bari. Don haka hanya biyu ce: ko a faɗi aukuwar da shuɗaɗɗe zalla, "he came this morning", "he died in 2010", "they got married last year", ko a faɗi halin da sigar "have", "he has been here since this morning", "he has been dead since 2010", "they have been married since last year."

Haka kuma a Turancin Najeriya ana jin mutum ya ce "I have been waiting since!" ya tsaya nan, yana nufin "tun ɗazu" ko "tun tuni". A hira tsakanin 'yan ƙasa wannan ya zauna, kowa ya san shi. A jarrabawar WAEC ko NECO kuwa, ko a wasiƙar ofis, "for a long time" ake so. "Since" tana tsayawa ita kaɗai ne idan an riga an ambaci mafarin: "He left in March and I haven't seen him since." Idan kuma jimla ce sukutum ta biyo bayanta, aikatau ɗin wannan jimlar yawanci shuɗaɗɗe zalla ne, tunda shi ne ke nuna mafarin: "She has taught here since she left university."

"For" ta fi "since" sassauci, domin tana tafiya da sigogin biyu, sai dai ma'ana ta sauya. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta hau gadon sarautar Ingila a 1952, ta rasu a watan Satumban 2022. Ana cewa "She reigned for seventy years", domin mulkin ya ƙare. Game da ɗanta kuwa sai a ce "Charles has been king since 2022." Legas ma haka: "Lagos was the capital for many years", da shuɗaɗɗe zalla, tunda yanzu ba ita ba ce. Hausa tana da nata salon raba waɗannan. Wanda ya ce "na yi shekara uku a Zariya" mai yiwuwa ya baro garin tuni, kuma Turancinsa "I lived in Zaria for three years." Wanda ya ce "shekarata uku ke nan a Zariya" yana can har yanzu, kuma Turancinsa "I have lived in Zaria for three years." Wannan "ke nan" ɗin ita ce ke yin aikin "have". Duk ɗalibin da ya kama wannan kwatanci ya huta da rabin wahalar darasin.

Tambayar da ke neman irin wannan amsa da "how long" take farawa, kuma tana da ɗan tarko. "How long have you been here?" tana tambayar kwana nawa mutum ya yi da zuwa. "How long are you here for?" tana tambayar kwana nawa zai yi kafin ya koma. Baƙon da ya sauka a filin jirgi ya amsa ta farko a madadin ta biyu zai bar jami'in da ke tambayarsa cikin ruɗu.

Bayan "since" da "for", rukuni na biyu shi ne ƙananan kalmomin nan: "already", "yet", "just" da "still". A nan Bahaushe yana da sa'a, domin kowacce tana da 'yar'uwa a harshensa. "Already" ita ce "riga": "I have already paid", na riga na biya. Mazauninta tsakanin "have" da aikatau ne, amma ana kai ta ƙarshen jimla, musamman idan ana nuna mamaki. Uwa ta ɗora wa yaro kwanon tuwo, kafin ta juya ya suɗe, sai ta ce "Have you finished already?", wato har ka gama? "Yet" kuwa ita ce "tukuna", kuma kamar "tukuna" a ƙarshen jimla take zama, a cikin korewa ko tambaya: "The results have not come out yet", sakamako bai fito ba tukuna. "Have they paid salaries yet?" tambaya ce ta wanda ke jiran abin da ya san zai zo. Ba a sa "yet" a jimlar tabbatarwa ta yau da kullum, sai a wani gini na Turancin jarida, "the government has yet to respond", wanda duk da babu "not" a cikinsa ma'anarsa korewa ce: gwamnati ba ta ce komai ba tukuna.

"Still" ita ce "har yanzu", kuma tana ɗauke da ƙosawa. "He hasn't come yet" labari ne kawai. "He still hasn't come" akwai ƙorafi a ciki, an daɗe ana jira. A lura da mazauninta: gaban "hasn't" take zuwa, ba bayanta ba. "Just" tana nufin yanzun nan: "The bus has just left", yanzun nan motar ta tashi. Amma "just now", duk da kamarsu, ta fi tafiya da shuɗaɗɗe zalla, domin tana nuna wani ɗan lokaci da ya wuce, kamar "ɗazun nan": "He called just now."

Wanda ke kallon finafinan Amurka zai iya cewa ai ya sha jin "Did you eat yet?" da "I already paid" da "He just left", babu "have" ko ɗaya. Gaskiya ne. Amurkawa suna yawan haɗa waɗannan kalmomi uku da shuɗaɗɗe zalla, kuma a wurinsu daidai ne. Turancin Ingila ya fi riƙe sigar "have" a nan, kuma shi ne tsarin da makarantun Najeriya da Gana suka gada. Ga mai shirin jarrabawa, bin tsarin Ingila ya fi kwanciyar hankali, tunda babu inda za a ci tararsa a kai, ko a Amurkan ma.

"Ever" da "never" aikin "taɓa" suke yi. "Have you ever been to Agadez?", ka taɓa zuwa Agadas? "I have never been there", ban taɓa zuwa ba. Lokacin da ake magana a kai shi ne tsawon rayuwar mutum, wanda bai rufe ba muddin yana numfashi. "Never" ta riga ta ƙunshi korewa, don haka "I haven't never" ninki ne marar amfani. "Ever" kuma ba ta shiga jimlar tabbatarwa haka kawai. Wanda yake son ya ce "na taɓa zuwa Makka" ba zai ce "I have ever been to Mecca" ba, sai dai "I have been to Mecca", ko ya ƙara "before" ko "once" a ƙarshe. Inda take shiga shi ne bayan kwatancin fifiko, "the best teacher I have ever had", da kuma bayan "the first time". Wannan na ƙarshe ya cancanci kulawa: Hausa tana cewa "wannan ne karo na farko da nake hawa jirgi", amma Turanci sai ya ce "This is the first time I have travelled by air."

Batun rayuwa a matsayin buɗaɗɗen lokaci yana bayyana wani bambanci da ke ba ɗalibai mamaki. Chinua Achebe ya rasu a 2013, don haka "Achebe wrote five novels" ake cewa, lissafin ya rufe. Game da marubucin da ke raye kuwa ana cewa "he has written five novels", domin yana iya ƙara na shida. Haka nan ana iya cewa "Wole Soyinka has won the Nobel Prize", amma da zarar an kawo shekara sai "has" ta faɗi: "Soyinka won the Nobel Prize in 1986." Masu karanta labarai da Turanci a rediyo suna bin wannan tsari kullum. Jimlar farko da sigar "have" take zuwa, domin sabon labari ne: "The president has arrived in Kano." Jimlar da ke biye, mai ɗauke da ƙarin bayani, sai ta koma shuɗaɗɗe zalla: "His plane landed at ten o'clock." Wanda ya kasa kunne ga labaran duniya na minti biyar zai ji wannan sauyi sau da dama.

Da "ever" da "never" da ƙirgen sau nawa, irin su "twice" da "three times", "been" ake amfani da ita wajen maganar tafiya, ba "gone" ba. "She has been to Accra twice", ta je Akara sau biyu ta dawo. "She has gone to Accra", ta tafi, tana can ko tana hanya. Mutum ba zai tsaya a gaban jama'a a Katsina ya ce "I have gone to London" ba, ga shi kuwa ana ganin sa.

Saura kalmomin da ke da fuska biyu: "today", "this morning", "this week", "this year". Su agogo ne ke yanke musu hukunci. Mai shago da ƙarfe goma na safe zai ce "I have sold three bags of rice this morning", domin safiyar ba ta ƙare ba, ana iya ƙara saye. Shi ɗin dai bayan la'asar zai ce "I sold three bags of rice this morning", domin safiya ta wuce. Manomi a tsakiyar damina zai ce "It has rained a lot this year", bana an yi ruwa sosai, amma game da bara sai "It rained a lot last year." "So far" da "up to now", wato zuwa yanzu, ba su da wannan fuska biyun, sigar "have" suke bi. "Lately" ma haka, kuma ma'anarta kwanan nan, ba ta da dangantaka da makara. "Recently" tana karɓar duka biyun.

Tarko na ƙarshe a kalmar "last" yake. An koya wa ɗalibi cewa "last week" ba ta tafiya da "have", sai ya ɗauka duk inda ya ga "last" haka ne. Ƙaramar kalmar "the" tana juya al'amarin. "Last week" mako ne da ya wuce ya rufe: "I was ill last week." "For the last week" kwana bakwai ne da suka ƙare a yau: "I have been ill for the last week", wato har yanzu ba a warke ba. Likita zai fahimci abu biyu daban daga waɗannan jimloli. "In the last three years" da "over the past month" da "since last week" duk buɗaɗɗun lokuta ne, sigar "have" suke nema. "Ago" kuwa ko yaushe rufaffiya ce, komai kusancin lokacin: "She left two minutes ago."

Da yake a magana Turawa suna taƙaita "have" da "has" zuwa "I've" da "he's" da "they've", kunnen mai koyo yakan rasa su, ya ji kamar babu su, sai shi ma ya riƙa yar da su. Kalmar lokacin ita ce ke tona asiri: duk inda aka ji "since" ko "yet" ko "so far", akwai yiwuwar "have" tana laɓe a farkon jimlar. Mai koyo zai iya gwada kansa yau da jimla biyar a kan rayuwarsa, ɗaya da "tun", ɗaya da "ke nan", ɗaya da "riga", ɗaya da "tukuna", ɗaya da "taɓa". Ya rubuta su da Hausa, ya mayar da su Turanci, sannan ya ƙara ta shida da "jiya" ya duba ko ya tuna ya cire "have".